Jajayen Koyil Huɗu

Jama'a, ku gyara zama, don yau na tafka ta. Abin da Mama ta shafe wata bakwai tana roƙona da girman Allah kada in yi, shi na yi, a gaban mutane, kuma cikin rigar da ta fi kowace kyau a akwatina.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, yayyena mata uku duk suna ɗakunansu. Babanmu mai gyaran wutar mota ne. Garejinsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida, tagar ɗakina kuma cikinsa take kallo. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya ba shi ni. Tun ina 'yar shekara tara nake riƙe masa fitila, ina sha biyu na san lambar kowace sifana da ido, yanzu kuwa in mota ta wuce layinmu, daga kan gado zan gaya muku abin da ke damunta. Wannan baiwar ce ta kore mini samari biyu. Na farkon laifina kawai na ce masa batirinsa lafiya lau yake, kan ne ya yi tsatsa. Ko sallama bai yi mini ba.

Shi ya sa da na uku ya ɓullo, Mama ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa.

"Auta, wannan karon ki rufa mini asiri. Ke ba ki san mota ba, kin ji ko? Ko taya aka nuna miki, ki ce mene ne wannan."

"Mama, ƙarya fa kenan."

"Ba ƙarya ba ce, kunya ce. Namiji zai haƙura da komai, ban da mace ta fi shi sanin abin da yake taƙama da shi."

Tun daga ranar hannuna ya shiga uku. Kullum sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi da lemon tsami, a kankare baƙin mai daga ƙarƙashin farce, a lafta masa man shafawa. Aikin garejin ban daina ba, don idon Baba ya fara rauni a kan ƙananan abubuwa. Sai dai yanzu da sassafe nake yi, ƙofa a rufe, hannu cikin safa, kamar mai satar kaza.

Shi mutumin nawa aikin ofis yake yi, amma ransa yana cikin mota. Abokansa Turbo suke ce masa. Motar kuwa babu turbo a cikinta, na'urar nan mai cusa wa inji iska don ƙarin gudu, na leƙa. Injin kamfani ne mai silinda huɗu, irin wanda malamar layinmu take kai yaranta makaranta da shi, sai dai shi ya ɗaura mata salansa mai ihu, ya manna mata sitika har a murfin tanki. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana da fara'a, yana da ƙamshi, yana durƙusawa har ƙasa ya gaishe da Baba, kuma bai taɓa zuwa gidanmu hannu rabbana ba. Ranar Lahadin nan manyansa za su zo neman aurena. Mama har labule ta canza.

Sati biyu da suka wuce ina goge kaya wayata ta yi ƙara. Hoto ne: wasu abubuwa huɗu jajaye jawur, a jere cikin kwali mai soso.

"Gimbiya, kalli abin da ya iso. Koyil na motocin tsere. Daga yau motata ta zama jirgi." Ya bi shi da hoton wuta har uku.

Na ajiye dutsen guga, na rubuta masa da yatsan da ya canza koyil ya fi ɗari biyu: "Kai, masha Allah! Mene ne koyil?"

"Wani abu ne mai ƙara wa inji ƙarfi. Ba za ki gane ba, harkar maza ce."

"Allah ya ƙara basira," na ce.

To ku bari in gaya muku, tunda ku ba aurena za ku yi ba. Wutar batir 'yar kaɗan ce, ba ta isa ta kunna fetur ba. Koyil shi ne yake karɓarta ya ninka ta sau dubbai, ya miƙa wa fulogi, fulogi ya yi tartsatsi, fetur ya kama. Kowace silinda da nata koyil da nata fulogi. Na tsere na gaskiya akwai su, ba na musu: sun fi ƙarfin tartsatsi, sun fi jure zafi. Amma amfaninsu sai a injin da aka yi wa aiki, wanda ake cusa wa iska da ƙarfi har tartsatsin na kamfani ya kasa. Injin da yake yadda kamfani ya yi shi, fulogi iya abin da yake bukata yake ɗauka, sauran ko oho. Kamar ka kunna murhu da ashana ne ko ka kunna da babbar wuta, shayin dai lokaci ɗaya zai tafasa.

Turbo da abokansa suka ɗaura su da kansu. Washegari ya zo da tsofaffin baƙaƙen a leda, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Baba, ga waɗannan, ko za su yi wa wani mai ƙaramin ƙarfi amfani."

Baba ya yi godiya, ya ɗora su a kan kanta.

Satin da ya wuce kuma ya kawo motar a canza mai da fulogi, wai don ya girmama suruki. Ya bar ta ta kwana. Da safe ni na yi aikin, Baba na zaune a kan benci yana shan shayi. Dole sai ka cire koyil kafin ka kai ga fulogi, ina ɗaga na farko na ji shi sakayau a hannuna.

"Baba, ji wannan. Ba nauyi ko kaɗan."

Ya karɓa, ya auna a tafin hannu, ya juya shi, ya kankari fentin da farce. Na ga bakinsa ya motsa.

"Ba a tambaye mu ba, Auta. Fulogi aka ce mu canza."

Na canza fulogi, na auna bakin kowanne, na mayar da jajayen yadda na same su.

Sai yau. Ya ce zai zo da la'asar mu yi hira, don haka tun azahar Mama ta sa ni gaba. Doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya da hannu, mayafi mai shara-shara, takalmi mai tsini wanda yake cizon ɗan yatsana, turare kala biyu. Ina gaban madubi ina gyara ɗan kunne na ji motarsa tun daga bakin layi. Salansar tana ihunta kamar kullum, amma a ƙarƙashin ihun akwai ɗingishi: bub-bub-bub, tsit, bub-bub-bub, tsit. Silinda uku ke aiki, ɗaya ta mutu.

Ba ƙofar gida ya tsaya ba, cikin gareji ya shigo da ita. Kuma ba shi kaɗai ba ne, da abokansa biyu. Ɗaya dogo ne mai baƙin tabarau, Dogo suke ce masa, ɗayan kuma ko muryarsa ban ji ba har suka tafi. Na matsa jikin taga. Mama ta zo ta tsaya a bayana.

Turbo ya gaishe da Baba, amma yau a tsaye.

"Baba, ba wai zargi nake ba. Amma motar nan lafiyarta ƙalau na kawo ta. Tunda aka taɓa ta a nan take ta rawa, yau kuma ko gangara da kyar take yi."

"Buɗe mu ji," in ji Baba.

Aka ɗaga bonet. Injin yana ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. Baba ya sunkuyar da kai, ya karkata kunne. Na san wannan tsayuwar. Kafin a ƙirga biyar ya riga ya san komai, har silindar da ta mutu.

Dogo ya zare tabarau. "Tsoho, gaskiya fa motocin yanzu ba irin naku na da ba ne. Waɗannan koyil ɗin na tsere ne, ba kowane hannu ke taɓa su ba. Ka dai ƙona masa wani abu."

Ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Ya ɗauki injin, ya ɗauki Baba, ya ja baya ya ɗauki allon garejin.

"A zaurenmu na 'yan mota zan saka, don a kiyaye. Mu fa sama da ɗari uku ne."

Mai walda na kusa da mu ya kashe injinsa ya leƙo. Mai shagon tsallake ma ya fito da buta a hannu. Mutanen da suka shekara talatin suna ganin ana jawo mota da igiya a kawo wa Baba, ta fita da ƙafarta.

Na jira Baba ya yi magana. Kalma uku ta ishe shi. Sai na ga ya ɗago ya dubi tagata, ɗan kallo kaɗan, sannan ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ido ne ya fara tafiya. Wataƙila ni na yi kuskuren. Ka bar ta, zan duba."

Wallahi jama'a, ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Baba da ko a wasa ba ya ƙarya, yau ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya aza a ka, a gaban waya, don kada Lahadi ta lalace.

Mama ta damƙe wuyan hannuna. "Auta, kada ki soma. Kwana uku ya rage. Kwana uku kacal!"

"Mama, sunansa fa za su watsa."

"Shi ya ga zai iya. Ke dai zauna."

Ban san lokacin da na zare hannuna ba. Na dai ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmina a kan simintin gareji, na ga maza shida sun juyo. Turbo ya yi murmushin dole.

"Gimbiya, koma ciki, yanzu zan shigo. 'Yar matsala ce ta inji."

"Na ji ta tun daga bakin layi," na ce. "Malam Dogo, kada ka kashe wayar. Matso da ita nan."

Na naɗe mayafina na ɗaure a ƙugu, na tattare hannun riga, duwatsun suna ta ƙyalli. Injin yana kunne. Na kama soket ɗin koyil na farko na zare. Injin ya ƙara shaƙewa kamar zai mutu.

"Kun ji ya canza? To wannan yana aiki."

Na mayar. Na zare na biyu, haka. Na mayar. Na zare na uku. Ko gezau, rawar da yake yi ita ya ci gaba da yi.

"Wannan da shi da babu duk ɗaya."

"To ai fulogin da tsoho ya saka a nan ne ya mutu," in ji Dogo.

"Madalla, tambaya mai kyau. Kashe motar. Baba, miƙo mini sifana lamba goma."

Baba ya tsaya yana kallona. Sannan ya miƙo, ta wajen mariƙi, yadda ya saba.

Na kwance koyil na uku da na farko, na musanya musu wuri. Fulogi ban taɓa ko ɗaya ba, na sa Dogo ya shaida da bakinsa. Na ce in fulogi ne, ciwon zai zauna a ta uku, in kuma koyil ne, zai bi shi zuwa ta farko. Turbo ya tayar da mota. Na zare soket na uku, inji ya shaƙe. Na zare na farko, ko a jikinsa.

Mai walda ya ce, "Allahu akbar," ya koma bakin aikinsa yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ciwon ya bi jan," na ce.

"Ba zai yiwu ba," in ji Turbo. "Na tsere ne fa. Sun fi na kamfani wuta, a jikin kwalin ma an rubuta."

"Na tsere na gaskiya sun fi wuta, amma injinka bai nemi ƙari ba, don ba a yi masa aikin da zai nema ba. Ko na gaskiyar ka saka, gudun da take yi shi za ta yi. Waɗannan kuma ko na gaskiyar ba su ne ba. Riƙe ka ji."

Na ɗauko ledar nan daga kan kanta, na ɗora masa baƙi a hannun dama, ja a hagu. Na ga hannun daman ya ɗan yi ƙasa. Shi ma ya gani.

Tunda na riga na jiƙe, sai na ƙarasa wankan. Na cire jajayen duka, na mayar da baƙaƙensa huɗu da ya yi sadaka da su, na ɗaure. Ya tayar. Injin ya kama lumui, sumul, har ana jin rediyon mai shago. Baba ya ɗauki kofin shayinsa ya ɗora a kan injin, shayin ko motsi bai yi ba. Dogo ya sauke waya. Na ce ya goge bidiyon farkon ko ya saka duka, zaɓi nasa ne. Ya goge a gabana.

Sai a lokacin na dubi kaina. Baƙin mai tun daga yatsu har gwiwar hannu, wani layi ya ratsa gaban rigar, dutse biyu sun faɗi.

Turbo bai dubi motar ba, ni yake kallo.

"A ina kika koya?"

"A nan. Fulogin ma ni na ɗaura, ba Baba ba."

Da ya yi magana kuma, muryarsa ƙasa take, ba faɗa a ciki, shi ya sa ta fi yi mini ciwo.

"Wata bakwai kina tambayata mene ne koyil, mene ne giya. Ina ta zuba, kina cewa masha Allah. Ashe dariya kike mini."

Na sunkuyar da kai. Don gaskiya ya faɗa. Na yi masa dariya, a ɗaki, da filo a baki, ba sau ɗaya ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba lokacin da nake tattare hannun riga.

Ya tattara jajayensa ya zuba a but. Bai ce wa Baba ya yi haƙuri ba, amma ya ɗan rusuna kafin ya shiga mota. Suka fita, motar tana tafiya lafiya lau abinta, ko kunyar kowa ba ta ji.

A cikin gida Mama ba ta yi mini faɗa ba, ina ma ta yi. Ta zauna a bakin gadona ta zuba wa sabon labulen ido.

"Na gode, Auta. Yanzu sai ki gaya mini abin da zan ce wa yayyenki da na ce su zo Lahadi."

Na zauna a ƙasa ina goge hannu da tsumma, hawaye na ɗiga a kan man. Baba yana gareji, ina jin yana jera sifanu ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ya yi sai in ransa ba daɗi.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba wayata ta yi ƙara a kan gado. Mama ta riga ni ɗauka. Ta karanta a zuci, na ga fuskarta tana washewa, sannan ta karanta da ƙarfi, har da tsayawa a kowace gaɓa don kada wani ya rasa:

"Gimbiya, na yi tunani, na yafe miki. Lahadi tana nan. Abu biyu kawai nake so. Na ɗaya, abin da ya faru yau bai faru ba, su Dogo sun yi alkawari, ke ma daga yau ke da gareji sai kallo. Na biyu, ranar Asabar akwai taron 'yan mota, kowa zai buɗe bonet, kuma duk zaure an san na saka jajaye. Ki roƙi Baba ya fesa wa baƙaƙen nan jan fenti. Zan kawo ta gobe da safe."

Ya rufe da hoton zuciya. Ja, mana.

"Alhamdu lillahi!" Mama ta miƙe har zaninta na kwancewa. "Kin ga ɗan halak ko? Yaro mai haƙuri! To mene ne a ciki? Fenti ne fa kawai, Auta. Fenti!"

Na daina jin ƙarar sifanu. Taga a buɗe take, Baba ya ji komai.

Can sai ga takunsa a tsakar gida. Baba ba ya shiga ɗakina, tun da na girma a bakin ƙofa yake tsayawa, yau ma a nan ya tsaya. Gwangwanin fenti ne a hannunsa, mai jan murfi. Mutumin da na sha gani yana korar dillalai daga garejinsa saboda sun ce ya fesa wa tsohon kaya fenti su sayar a matsayin sabo. Ƙwallon cikin gwangwanin yana ƙas-ƙas-ƙas.

"Malam, gaya mata dai," in ji Mama.

Bai dubi Mama ba.

"Auta, minti goma ne aikin. Zan fesa, kuma ba wanda zai gane, har shi. Garejin ma zan iya ni kaɗai, in ido ya ƙi sai in rufe." Ya gyara riƙon gwangwanin. "Abu ɗaya nake so ki gaya mini tukuna. Kina son sa?"

Wata bakwai, jama'a. An tambaye ni launin labule, an tambaye ni lambar takalmi, an tambaye ni ko na goge farce. Wannan tambayar ba wanda ya taɓa yi mini ita, har ni kaina.

Wayar ta sake haske a hannun Mama: "Kin gani? Ina jira."

Baba ma yana jira, a bakin ƙofa, bai cire murfin ba.